Buck 110: a bar ta da tagullarta ko a sauya mata riga?

Malam Sabo Ningi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta kwana biyu tana cina, na ce bari in kawo ta gaban masana. Wuƙar da nake shiga daji da ita Buck 110 ce, irin ta da, mai tagulla kai da gindi da baƙin katako a tsakiya. Yayana ne ya sayo mini ita sabuwa fil daga Amurka a 2001. Ta feɗe awaki ban san adadi ba, ta yanke igiya, ta fere ƙotar fartanya, kuma har yau in na buɗe ta sai sakatar ta ce ƙas kamar ranar da aka miƙo mini ita.

Yanzu babban ɗana ya gama makarantar aikin gona, zai kama aiki a wata gonar kiwo, ina so in sa masa wuƙa a hannu kamar yadda aka sa mini. Na yi wa ɗan yayan nawa magana, sai ya turo mini hotuna, wai duk 110 ce. Ɗaya siririya mai ƙotar roba, an liƙa mata maƙali a gefe irin na biro, ga wani ɗan ƙullutu a jikin ruwanta da ake turawa da babban yatsa. Ɗaya kuma maɓalli ake dannawa ta fito da kanta. Ni dai raina bai kwanta ba. Gyara aka yi ko ɓarna? Kuma wacce zan saya wa yaron?

Injiniya Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Da farko ka kwantar da hankalinka, irin taka ba a daina yin ta ba, tana nan ana ƙera ta a masana'antar kamfanin Buck da ke Post Falls a jihar Idaho, inda suka koma daga Kalifoniya a 2005. Siririyar da ka gani ita ce Slim, ta fito a 2018. Tsawon ruwa kusan ɗaya ne, wajen santimita 9.5, sakatar ma ta bayan nan ce da ka sani. Abin da ya bambanta shi ne nauyi da yadda ake ɗauka. Taka giram 204 ce, Slim mai ƙotar roba wajen giram 80. Ka ga ta ninka ta fiye da sau biyu.

Ni ina da duka biyun, kuma gaskiya Slim ce kullum a jikina. Ta tagullar tana cikin durowa. Wuƙar da aka bari a gida saboda nauyi ba ta yanka komai. In don aiki ne, saya wa yaro Slim.

Alhaji Garba Mai Bindiga:
Injiniya, da wannan magana taka ta ƙarshe ban yarda ba. Nauyin nan da kuke kuka da shi ai shi ne wuƙar. Lokacin da Al Buck, shugaban kamfanin a wancan lokaci, da mutanensa suka yanke shawarar yin ta a 1963, ta shiga kasuwa a 1964, abin da suke nema shi ne wuƙa mai naɗewa da za ta yi aikin wadda ba ta naɗewa. Shi ya sa suka zuba mata gangar jiki ta tagulla, don ta riƙe ruwan da sakatar kam. Ka cire tagullar, ka cire katakon, ka rage kauri, me ya saura? Suna kawai. Su kira ta da wata lamba mana, ba wanda zai ce uffan. Amma a ɗauki lambar da mutane suka yarda da ita shekara 60 a manna wa roba, wannan bai yi mini ba.

Malam Sabo, saya masa irin taka. Abin da za a gada ake ba ɗa.

Injiniya Nura:
Alhaji, ranka ya daɗe, tsawon ruwa ya saura, sifar tsinin ta saura, sakata ta saura. Waɗannan ne ke yanka, ba tagulla ba. Kuma robar ba ta bokiti ba ce, nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi, irin wanda ake yi wa kayan inji.

Alhaji Garba Mai Bindiga:
Ko da zaren zinariya aka cakuɗa, in ta karce ta karce ke nan. Tagulla kuwa in ta dushe ka sa toka da lemun tsami ka goge, ta dawo amarya.

Usaini Ɗan Fawa:
Ku ba ni wuri in yi magana a matsayin wanda hannunsa ke cikin kitse kullum. Na yi fiɗa da duka biyun a layyar bara, ta tagulla tawa ce, siririyar ta wani maƙwabcina.

Ta tagulla tana cika hannu. In za ka feɗe rago uku huɗu a jere, ƙota mai kauri ita ce hutu, don ba sai ka damƙe da ƙarfi ba. Siririyar kuwa kafin in gama na biyu na fara jin gefenta yana cin tafin hannuna. A nan Alhaji ya yi gaskiya. Amma in kitse ya shafi tagullar nan da katakon, santsi take kamar tarwaɗa, sai ka yi ta goge hannu a tsumma. Ƙotar robar tana da kaushi, ba ta zamewa. A nan kuma Injiniya ya yi gaskiya.

Abin da na tsana ƙwarai shi ne ƙullutun nan na yatsa. Yana kama fata in ka zurfafa, gashi da kitse suna taruwa a gindinsa, kuma in ka kwantar da ruwan a kan dutse za ka wasa, sai ya tokare kafin ka kai gindin kaifi. 'Yar tsagar farcen da ke jikin tsohuwar ba ta hana komai.

Sannan don Allah kada wani ya ji ana maganar layya ya ɗauki ɗaya cikinsu ya ce zai yanka sa. Ruwan ya yi gajere. An umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da dabba, wuƙar yanka daban take, doguwa, mara naɗewa. Wannan ta fiɗa ce da ƙananan ayyuka.

Maman Sadiya:
Sannunku da hira. Malam Usaini, ƙullutun da ka tsana shi ne ya sa na sayi tawa. Ina aikin duba dabbobi a ƙauyuka, kuma sau da yawa hannuna ɗaya yana riƙe da akuya ko igiya. Akwai ranar da wata tunkiya ta naɗe wuyanta da igiyar turke tana shure-shure, numfashinta na sarƙewa. Da hannu ɗaya na zaro wuƙar, na buɗe, na datse igiyar. Da ta tagulla ce sai na saki dabbar, na ɓalle kube, na sa farce na ja. Kuma sifirin ɗinta da ƙarfi, farcen mace ba kullum yake iya ta ba, balle in hannu ya jiƙe. Yaron nan gonar kiwo za shi, a tuna da wannan.

Usaini Ɗan Fawa:
Wannan hujja ce Hajiya, ban musa ba. Aikinki da nawa ne suka bambanta. Ni dabbata ta riga ta kwanta kafin in buɗe wuƙa.

Bashir Ɗan Jami'a:
Iyayena, ku gafarce ni, akwai abin da nake so in faɗa wa Baba Sabo da Alhaji Garba, kuma ba don rashin kunya ba. Ana ta cewa "irin ta da", to amma wace da ɗin? Ita kanta 110 mai tagullar an sha sauya ta.

Ƙarfen farko 440C ne. Mutane suka yi ta kukan yana da wuyar washi. A farkon shekarun 1980 aka koma 425M, a farkon shekarun 1990 kuma aka koma 420HC wanda ake kai har yau. Gefen ƙotar na farkon masu kusurwa ne, daga baya aka murje su suka zama masu laushi a hannu. Katakon ma haka. Na da ebonin gaske ne, wato wani baƙin katako mai nauyi, amma a tsakiyar shekarun 1990 aka koma wani katako da ake jera sirara-sirara a matse da danƙo a rina, sunansa Dymondwood. Baba, in dai a 2001 aka sayo taka sabuwa, to ƙarfenta na uku ne a jerin, katakonta kuma wannan matsattsen ne. Duba gefen ƙotar a rana, za ka ga layi-layi kamar shafukan littafi. Kuma a gindin ruwan, kusa da lambar 110, akwai wata 'yar alama. Tun 1986 suke buga alama daban kowace shekara, da ita ake gane shekarar wuƙa.

Abin da nake nufi, wadda Baba yake ƙauna ma a lokacinta wani dattijo ya kalle ta ya ce an ɓata.

Malam Sabo Ningi:
Bashir, na fita tsakar gida na duba. Layin yana nan kamar yadda ka faɗa, alamar ma na gan ta. Shekara 24 ina ce wa mutane katakon nan daga gindin bishiya guda aka yanko shi. Allah ya yi maka albarka, na ƙaru. Abin ya ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma ko tsagewa bai taɓa yi ba, damina da hunturu.

Alhaji Garba Mai Bindiga:
Yaro ya yi karatu, ban ƙi ba. Amma Bashir, duk sauyin da ka lissafa, in ka ajiye ta 1970 da ta 2001 a kan tabarma, makaho ma in ya shafa zai ce 'yan gida ɗaya ne. Ɗora Slim kusa da su ka gani. Gyaran gida daban, rushe gida a gina wani a filin daban.

Alhaji Tanko Yawunde:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu daga nan unguwar Birketiri, maganar katako ce ta sa na ce sai na tofa. Malam Sabo, labarin bai ƙare inda Bashir ya tsaya ba. Wajen 2019 sun dawo da ebonin gaske a kan mai tagullar, kuma daga nan Kamaru yake fita. Akwai injin yankan katako a nan Yawunde, Crelicam, wanda kamfanin Taylor masu ƙera jita a Amurka suka saya tare da wani kamfanin Sifen mai suna Madinter a 2011. Daga nan Buck ke samun nasa.

Itacen ɗan'uwan kanyar nan tamu ce, dangi ɗaya, sai dai shi na kurmi ne, cikinsa baƙi da nauyi. A da masu saye baƙi ƙirin kawai suke so, kuma ba a sanin launin ciki sai an kayar da bishiya, don haka wadda aka samu da ratsin fari ko ruwan ƙasa sai a bar ta ta ruɓe a daji. Da suka karɓi injin sai suka ce za su riƙa sayen mai ratsin ma. Shi ya sa in ka sayi sabuwar 110 za ka iya ganin ratsi a ƙotarta, kada ka ɗauka jabu ce. Ƙotar wuƙa kuma 'yar ƙarama ce, guntun da bai isa jita ba ya ishe ta. Suna kuma dashen sababbin itatuwa tare da mutanen ƙauyuka can wajen gandun dajin Dja.

To ka ga, ta tagullar da za a sayo wa ɗanka yau ta fi taka kusa da ta farko ta fuskar katako. Ni wannan ne gyaran da na fi murna da shi, kuma ba wanda ke maganarsa saboda ba ya ɗaukar ido kamar maƙali.

Ɗanjuma Maƙeri:
Kowa na ta ƙota, ba mai maganar ruwa, alhali nan wuƙa take. Shi Hoyt Buck da ya fara abin nan yaron maƙera ne a Kansas, a 1902 ya yi wuƙarsa ta farko, kuma da tsofaffin magagari ya riƙa yi. Mu nan da sifirin mota muke yi. Duk wanda ya zauna gaban zugazugi ya san ba sunan ƙarfe ke yanka ba, yadda aka ba shi wuta da ruwa ne. Ka ba shi ya wuce ya karye kamar kwalba, ka rage ya lanƙwashe kamar gwangwani.

420HC ba wani ƙarfen alfarma ba ne, gawayin cikinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Abin da ya ɗaga shi a hannun Buck shi ne horon wutar da wani gwani mai suna Paul Bos ya tsara musu, suna kai shi taurin 58 a ma'aunin Rockwell. Ga shi ba ya saurin tsatsa, in ya dakushe kuma kowane dutsen washi na bakin rijiya zai tashe shi.

Abin da nake ja wa Malam Sabo kunne a kai: cikin sababbin akwai masu tsada da aka yi da S30V. Ƙarfe ne mai kyau, yana daɗewa bai dakushe ba, saboda akwai sinadarin banadiyam kashi 4 cikin ɗari a ciki. Amma ƙwayoyin da sinadarin nan ke yi a cikin ƙarfen sun fi dutsenmu tauri. An kawo mini ɗaya, na yi ta gurzawa har la'asar, sai sheƙi take ba kaifi. Sai da mai ita ya nemo dutse mai garin daimon. Yaron da ke ruga ina zai samo wannan? Wuƙar da mai ita ba zai iya wasawa ba, aro ce a hannunsa.

Injiniya Nura:
A kan ƙarfe muna tare, Malam Ɗanjuma. Amma a lura, Slim iri biyu ce. Mai sauƙin kuɗin, Select, 420HC ɗin nan ne dai a jikinta, horon wuta ɗaya da na mai tagulla. Pro ce ke da S30V. Ni Select nake ba da shawara.

Isuhu na Maraɗi:
Ina gaida zaure. Mu nan wajenmu wuƙaƙen Faransa mun fi sani, kuma wannan gardama an yi irinta a kansu. Opinel tun 1890 Joseph Opinel ya fara ta a yankin Savoie na Faransa, can cikin duwatsu, katako da ruwa kawai, babu abin kullewa. Sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara zoben nan da ake murzawa ya riƙe ruwan a buɗe, a 2000 kuma aka gyara shi yana kulle ta ko a rufe. Yau in ka nuna wa yaro babbar Opinel babu zobe sai ya ce ba ta cika ba. Abin da aka ƙara ya zama shi ne asali a idon na baya.

Amma ina ganin inda Alhaji Garba yake tsaye. Zoben ƙari ne, ba a ɗauke katakon ba. Su ma da suka fito da mai ƙotar roba, wani suna suka ƙara mata, mai katakon tana nan yadda take. Kuma in an duba, haka Buck suka yi. Ba su kashe uwar ba, 'ya'ya suka yi mata. To mene ne na ɓacin rai?

Alhaji Garba Mai Bindiga:
Abin ɓacin ran, Malam Isuhu, shi ne 'ya'yan su yi yawa har a manta da uwar. Kamfani kasuwa yake bi. In samari duk suka koma roba, wata rana za a ce mai tagulla ba ta fita, a mai da ita ta 'yan ajiya, kuɗinta ya ninka. Injiniya ga shi da bakinsa ya ce tasa tana durowa. Irinsu ne za su kashe ta.

Injiniya Nura:
Alhaji, wannan kuma ɗora mini laifi ne. Da kuɗina na sayi mai tagullar, ban kashe kowa ba. Kuma tun shekarun 1980 suke yin masu ƙotar roba, BuckLite, shekara 40 ke nan uwar ba ta mutu ba. A 1972 ma sun yi 112, gajeriya, don masu ganin 110 ta yi girma. Ko ita ma ɓarna ce?

Alhaji Garba Mai Bindiga:
112 da tagullarta ta zo, kuma da lambarta. Ka ga abin da nake faɗa tun farko.

Shugaban Zaure:
Alhaji, Injiniya, a sassauta. Malam Sabo shawara ya nema. Kowa ya faɗi hujjarsa ban da "irinsu".

Alhaji Garba Mai Bindiga:
Na janye kalmar. Injiniya ka yi haƙuri.

Injiniya Nura:
Ya wuce, ranka ya daɗe.

Baban Ummi Hambog:
Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba, don wasu cikinmu suna ƙasashen waje. Ƙullutun nan ba sauƙi kawai yake kawowa ba, yana sauya matsayin wuƙa a gaban doka. Nan Jamus tun 2008 an hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, sai da dalili karɓaɓɓe kamar aiki ko farauta. Mai tagullar da hannu biyu ake buɗe ta, don haka ba ta faɗa wannan sashen ba, Slim kuwa ta faɗa. Ka ga tsohuwar ta fi sabuwar 'yanci a nan, ko da yake a 2024 an ƙara tsaurarawa a wuraren taro da manyan jiragen ƙasa, kowace iri ce. A Ingila kuma duk wadda ke kullewa sai da dalili, don haka duka biyun sun shiga.

Mai maɓallin kuwa, wadda ta fito a 2017, Malam ka cire ta daga lissafi. A Amurkar ma akwai dokar tarayya tun 1958 da ta taƙaita safararta tsakanin jihohi. Wahalar aikowa da tambayoyin hanya sun fi amfaninta, kuma yashi in ya shiga wurin maɓallin sai ta fara gardama.

Malam Sabo Ningi:
Ita wannan dama ban sa ta a rai ba. Yaro mai aikin gona ba ya bukatar abin da zai sa a yi masa kallon ɗan daba a shingen hanya.

Ɗanliti Baduku:
Na bari manya sun gama, don abin da zan faɗa na sana'ata ne. Duk gardamar nan ta nauyi da maƙali, a ganina ta tufafi ce. Mai tagulla an yi ta ne don mutumin da ke ɗaura bel, shi ya sa take zuwa da kuben fata. A ƙugu giram 204 ba komai ba ne. Slim kuma an yi ta ne don mai wandon jins, maƙalin ya ciji leɓen aljihu mai kauri wanda bakinsa ke kallon sama. To mu fa? Kaftani da wando mai zariya. Babu bel da za a zura kube. Aljihun kaftani kuma a gefe yake, bakinsa a tsaye bisa ɗinki, yadin ga laushi. Ka maƙala Slim a nan sai ta kwanta a karkace, ka hau babur ta zame ba ka sani ba. Mutum biyu sun zo mini da wannan kukan. Ka jefa mai tagulla a ciki kuma ta ja rigar gefe guda, tana dukan cinya, kwana kaɗan ta huda aljihun. Ba laifin wuƙar ba ne, ba don rigarmu aka yi ko ɗaya ba.

Abin da nake yi wa masu kawo mini shi ne kube mai hamila, siririn maratayi da ke bi ta kafaɗa ya sauko ƙarƙashin hammata, a cikin riga, yadda kakanninmu ke rataya takobi da laya. Nauyin ya bazu, hannu na kaiwa ta tsagar gefen riga. Da wannan, mai tagulla ba ta da wani nauyi.

Gargaɗi ɗaya: kada a bar ta kwance cikin kube wata da watanni, musamman da damina. Fata tana jan danshi, tagullar sai ta yi wani kore-kore mai danƙo. In ba a aiki da ita a zare ta, a shafa mata ɗan mai, a ajiye daban.

Maman Sadiya:
Malam Ɗanliti, ni a bakin jakar magani nake maƙala tawa, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Amma maganarka haka take, a jikin zane ko hijabi babu inda za ta kama.

Bashir Ɗan Jami'a:
Akwai gyara ɗaya da nake ganin ko Alhaji zai so. Mai tagulla da ƙusoshi aka dasa ta, ba a kwancewa. In jini da kitse sun shiga ciki sai dai ruwan zafi da tsohon buroshi. Wasu cikin sababbin, kamar Slim Pro TRX da Hunter Sport, da sukurori aka ɗaure su, kana iya daidaita taurin buɗewa, ka kwance ka wanke. Da za a yi mai tagulla da eboni amma da sukurori, ai an gama magana.

Ɗanjuma Maƙeri:
A'a Bashir. Sukuru yana kwancewa da kansa, ƙanana ne kamar ƙwayar gero, in ɗaya ya faɗi a turɓaya ya tafi, kuma bakinsa mai tauraro ne, ba kowane mai gyara ke da abin kwance shi ba. Ƙusa in ta yi sako-sako, ka ɗora a uwar maƙera, ka sa fata a kai, ka ɗan taɓa da guduma sau biyu, ta koma daidai. Na yi wa mutane da yawa. Abin da ake gyarawa a kowace kasuwar ƙauye shi ne namu.

Alhaji Garba Mai Bindiga:
Maƙeri ya amsa maka, ɗana.

Malam Sabo Ningi:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira yaron na karanta masa maganganunku, har ta Hajiya da tunkiya. Na tambaye shi me zai riƙa sawa a wurin aiki, ya ce wando mai bel da takalmin roba, kaftani sai Juma'a. Ya ce kuma wuƙar da zai fi bukata ta gyaran kofato ce da yankan tiyo da buhu da fiɗa in ta kama, aikin da ake daɗewa ana yi. Da na ji haka na tsaya a kan mai tagulla da ebonin Kamaru, ƙarfe 420HC, don ya iya wasa abarsa da dutsen da ya samu. Maganar hannu ɗaya ba ta fita raina ba, Hajiya, na gaya masa ya ajiye 'yar ƙarama mara naɗewa a turken dabbobi saboda irin wannan rana.

Malam Ɗanliti, ni kuma kuben hamilar nan nake so wa tawa, don aljihuna biyu ta huda.

Injiniya Nura:
Allah ya sanya alheri Malam. Ni dai ina nan a kan ra'ayina. Roƙona ɗaya, bayan damina ta wuce ka tambaye shi kwana nawa a mako take ƙugunsa, ka dawo ka faɗa mana gaskiyar abin da ya ce.

Malam Sabo Ningi:
In Allah ya kai mu zan dawo da amsa, ko ta yi mini daɗi ko ba ta yi ba.

Ɗanliti Baduku:
Malam, tsawonta a rufe na sani, santimita 12 da 'yan kai. Abin da nake bukata shi ne ka sa zare ka auno daga kafaɗar dama zuwa ƙasan hammatar hagu a kan 'yar shara, in da dama kake zarowa. Ka faɗa mini kuma jar fata kake so ko baƙa, da maɓallin ƙarfe ko ɗaurin igiya. Jimar bagaruwa ce da ni, sai ranar kasuwa nake karɓo sabuwa.